Filin Gwaggo: An ce in shiga rigar zaki, Baba ya ce ba da yawunsa ba

 Ni ɗan Rimaye ne ta ƙaramar hukumar Kankiya, ina aji biyu a ɗaya daga cikin jami'o'in jiharmu. Ina cikin kwamitin wasanni na ƙungiyar ɗalibai, ko da yake na daina buga ƙwallo saboda wani tsohon targaɗe a gwiwa. Shugabanninmu sun ga yadda jami'o'in Amurka ke yi: mutum ya shiga cikin rigar dabba mai ƙaton kai, yana tsalle a bakin fili yana zuga 'yan kallo. Suka ce mu ma sai mun yi, don in mun je gasa a san da zuwanmu. An tsayar da zaki, an yanka wa kowane ɗan wasa kuɗin karo-karo, aka ce ni zan riƙa shiga rigar tunda ni ne mai barkwanci. Gaskiya na ji daɗi, don na daɗe ina jin kamar ba ni da amfani a ƙungiyar. Da na zo hutu na gaya wa mahaifina, wanda yake karantar da yara a zaurenmu, sai ya ce bai tura ni jami'a in zama dodo ba, kuma surar mai rai ce. Abokaina sun ce in shiga kawai, ai fuska a rufe take, wa zai sani? Gwaggo, da gaske ne ƙungiyar jami'a ba ta cika sai da irin wannan rigar? Kuma yaya zan yi da maganar Baba?
Ɗanki, daga Rimaye.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka aikata.

Bari in fara ture shawarar abokanka gefe, don ita ce mafi hatsari a duk wasiƙarka. Fuska a rufe take, gaskiya ne, amma duk wanda ke bakin filin nan yana da waya a hannu. Kafin ka gama cire kan zakin ka share gumi, hotonka ya isa Rimaye ta WhatsApp. Ko da bai isa ba, kai ka san ka yi abin da mahaifinka ya hana, kuma da wannan nauyin za ka riƙa durƙusawa gaishe shi duk hutu. Kada ka yi. In za ka shiga rigar, da saninsa da yardarsa. In bai yarda ba, babu rigar da ta kai ɓacin ransa.

Sai tambayarka ta farko. A'a ɗana, ƙungiya tana cika ba tare da rigar dabba ba. Ko a Amurkan da shugabanninku ke kallo ba kowa ke yi ba. Jami'ar Michigan tana da filin wasa mai cin mutum sama da 100,000, yana kuma cika maƙil, amma ba ta da wani mai shiga rigar dabba a bakin fili. Waɗanda ke yin kuwa, abin ya daɗe a wurinsu: jami'ar Yale tun ƙarshen ƙarni na 19 take zuwa fili da karenta. Kuma a can wasan jami'a kasuwa ce babba. Ana sayar da tikiti, gidajen talabijin suna biyan maƙudan kuɗi, tsofaffin ɗalibai suna sayen riguna da huluna masu hoton dabbar, don haka dabbar tana mayar da kuɗinta har da riba. Ku fa? Daga aljihun ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki da na kwafin takardu za a ciro kuɗin, kuma ba abin da zai dawo.

A gasar cin kofin duniya ma sai a 1966 aka fara, lokacin da Ingila ta fito da wani zaki mai suna Willie. A wannan shekarar ce aka yi gasar wasannin jami'o'in Najeriya ta farko, wato NUGA, a Ibadan. Tun daga lokacin ɗalibanmu ke gudu da tsalle da buga ƙwallo suna kawo lambobin yabo, kuma abin da ke kai makaranta ga nasara a can shi ne atisaye, da koci, da abinci, da motar da za ta kai yara a kan lokaci.

Amma kada ka ɗauka ina cewa shugabanninku ba su hango komai ba. Sun hango. Suna son abin da zai haɗa ɗalibai wuri guda, abin da ɗan aji ɗaya da ɗan ajin ƙarshe, ɗan Funtuwa da ɗan Daura, za su gani ko su ji su ce wannan namu ne. Jami'o'in jiharmu yara ne in aka gwada su da ta Ibadan ko ta Zariya: Al-Qalam a 2005 aka kafa ta, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, ta tarayya da ke Dutsin-Ma a 2011. Makarantar da ba ta daɗe ba tana buƙatar abin da za ta riƙa taruwa a kai, wannan buƙata ce ta gaske. Inda suka kauce shi ne da suka tafi neman abin a ƙetare, alhali yana ƙofar gidansu.

Ka taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars ke wasa? Kalmomi uku ne ke girgiza wurin: Sai Masu Gida. Ƙungiyar ta ci kofin gasar lig ta Najeriya a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma abin da ke sa baƙi su ji ƙafarsu ta yi sanyi shi ne wannan kiran daga bakin dubban mutane, da ganguna suna amsawa. A filin Muhammadu Dikko na Katsina kuwa, da an ce Chanji Boys kowa ya san Katsina United ake nufi. Ba a ɗinka waɗannan sunaye a shagon tela ba, ba a kuma yanka wa kowa kuɗi a kansu ba. Mutane ne suka riƙa faɗa har suka kama.

Ka dubi dambe kuma, wanda ya girmi duk wata jami'a a ƙasar nan. Ɗan dambe yana shiga fili ne da kirarinsa da makaɗinsa. Da an taɓa masa takensa sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi, 'yan ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramada, su miƙe tsaye. Har gobe ana ambaton Shago, kuma rabin abin da ya raya sunansa aikin Ɗan Anace ne, makaɗin da ya yi masa waƙa. Haka kokawa take a Nijar, inda tun 1975 ake gasar cin takobi, kowace jiha da makaɗanta da masu kirarinta. Wannan aikin da Ba'amurke ya ɗora wa mai rigar dabba, na tayar da 'yan kallo da ƙarfafa ɗan wasa in ya fara sarewa, mu tuntuni mun ba makaɗi da mai kirari. Kuma namu ya fi, don yana magana. Mai rigar zaki bebe ne, ba ya iya kiran sunan mai tsaron gida ya tuna masa ko ɗan wane ne shi.

In ma dabba ake so a matsayin suna, sai a zaɓi wadda take da dalili. Nijar ta kira ƙungiyarta Mena, sunan wata barewa ta sahararta, da wannan sunan ta je gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012. Wikki Tourists ta Bauchi giwa ce alamarta saboda giwayen Yankari. Tamu ta ƙasa Green Eagles ce kafin ta koma Super Eagles a 1988, mikiyar kuma tana kan tambarin Najeriya. To me ya haɗa jami'arku da zaki? Kamaru zaki, Senegal zaki, Maroko zaki. In kuka je gasa da shi, kun shiga cikin taro ne kun ɓace. Katsina kuwa ba ta rasa abin nunawa ba: ga hasumiyar Gobarau, ga rijiyar Kusugu a Daura, ga doki, a jihar da Sarki Muhammadu Dikko ya dasa wasan folo har ya zama abin alfaharinta.

Maganar Baba ba ƙauyanci ba ce, kada ka bari kowa ya gaya maka haka. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun bambanta tsakanin zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa da cikakkiyar surar mai rai wadda ke da inuwa, kuma a kan ta biyun suka tsananta. Ya zo a Buhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai. Saboda haka mahaifinka a kan karatu yake magana. Ka lura ma, da Katar ta karɓi gasar kofin duniya a 2022, ba dabba ta fitar ba. Alamarta mai suna La'eeb daga siffar farin ƙyallen da Larabawa ke yafawa a ka aka ɗauko ta. In kwamitinku na son hukunci a kan rigar kanta, ga limamin masallacin makaranta, ga malaman sashen nazarin addinin Musulunci, su tambaya kafin su karɓi sisin kowa. Ba kai kaɗai ne ɗalibin da iyayensa za su ji wani iri ba.

Wani abu kuma da nake so ka kai musu tun da wuri: in an fasa zaki, kada wani ya ce a yi shigar Bafulatani, ko Bamaguje, ko Bagwari don a ba mutane dariya. Na san a tashe ana irin wannan, amma tashe wasan unguwa ne tsakanin waɗanda suka san juna. Jami'a kuwa ta tara kowa, kuma a halin da jiharmu ke ciki na zaman ɗar-ɗar a karkara, ba ma buƙatar abin da zai ƙara sa wani ya ji an mai da ƙabilarsa abin wasa. Jami'ar Stanford ta Amurka sai da ta jefar da alamarta ta Ba'indiyen asali a 1972 bayan ɗaliban wannan al'umma sun koka.

Ga kuma lafiyarka. Rigar nan soso ce da gashin roba. Ka tuna yadda Maris da Afrilu suke a Katsina, zafi ya haura maki 40, sannan a ce ka yi awa biyu a ciki kana tsalle da gwiwar da ba ta warke ba. Ban yarda ba. Gwiwar ma ka kai ta asibiti a duba, targaɗen da ya hana saurayi ƙwallo har yau ya wuce a bar shi haka.

Yanzu ga abin da za ka yi. Ka koma wa kwamiti da takarda a hannu, ka rubuta kuɗin rigar a gefe ɗaya, a ɗaya gefen ka rubuta abin da kuɗin zai saya: akwatin magani da bandeji, ƙwallaye, takalma ga waɗanda ke aron na wasu, ruwan sha, kuɗin mota. Ka tambaye su ko ɗalibai mata suna da wurin motsa jiki a killace da kayan wasansu, don su ma suna biyan kuɗin wasanni a rajista. Sannan ka kawo shawarar a yi gasa a makaranta, kowane sashe ya kawo suna da kirari da zanen tambari, ɗalibai su zaɓa. Sashen Hausa zai yi murna da wannan aiki.

Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarka shi ne inda ka ce kana jin ba ka da amfani. Ɗana, wanda zai iya sa taro dariya ya kuma tayar da su tsaye ba ƙaramar baiwa gare shi ba. Ka nemi a ba ka jagorancin 'yan goyon baya, da fuskarka a buɗe da rigar makarantarku a jikinka. Ka koma wurin Baba ka ce ka bar zancen zaki saboda maganarsa, sannan ka gaya masa wannan sabon aikin dalla-dalla, har da batun ganga in za a buga, ka ji ta bakinsa. Uban da ya ga an bi maganarsa a babba yakan sassauta a ƙarama.

*

Gwaggo barka da aiki. Mu matasa ne muna da ƙungiyar ƙwallo a garinmu, muna buga wasan sada zumunci da 'yan Kankiya da Kusada. Za mu buga sababbin riguna, amma rigima ta kaure: wasu na son a sa mana Chelsea, wasu Barcelona, har an daina gaisawa. Ni ne kyaftin, kaina ya ɗaure.
Ɗanki, shi ma daga Rimaye.

Yawwa ɗana, sannu da ƙoƙari. Rigimar gidan kallo ce kuka kwaso kuka kawo fili, kuma duk wanda aka bi a cikinsu, rabin ƙungiyar za su sa rigar suna ƙunci. Ku bar wa gidan kallo Chelsea da Barcelona. Ku sa sunan garinku, wanda babu mai gardama a kansa. In kuna son tambari, bishiyar rimi na nan a cikin sunan, doguwa mai kauri, ana hango ta daga nesa, kuma babu malamin da zai hana a zana ta a ƙirjin riga. Launi kuwa kada ya zama shuɗin Chelsea ko ja da shuɗin Barcelona; ku zaɓi na uku.

Kafin a kai wa mai buga riguna kuɗi, ka tara su duka bayan la'asar, ka gayyato dattijo ɗaya da kowa ke jin nauyinsa, a sasanta waɗanda suka daina gaisawa tukuna. Kuɗin karo-karon kuma a rubuta shi a littafi, mutum biyu su riƙe, a karanta wa kowa abin da ya shigo da abin da ya fita.