Haɗa tsofaffin kwamfutoci garke ɗaya: kada ku buɗe masa ƙofar intanet

Sana'ata haɗa kwamfutoci da kula da wayoyin da suke magana ta cikinsu. Kwanakin baya aka kira ni wani ɗakin bincike mai kwamfutoci takwas, duk sun sha jiki, ana so su riƙa raba lissafi ɗaya a tsakaninsu, kowacce ta ɗauki kasonta. A wurin aiki kulasta muke ce wa irin wannan haɗi. Ni garke nake kiransa, tunda akwai uwar garke mai rarraba aiki, sauran suna bin ta.

Dabarar ta daɗe. Tun 1994 Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa kwamfutoci 16 na kasuwa a cibiyar Goddard ta hukumar NASA a Amurka, suka ɗora musu Linux, suka sa wa haɗin suna Beowulf. Don haka tsufan ƙarfen bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne manhajar lissafinsu ba ta tashi sai a kan CentOS 6, wanda masu shi suka daina kula da shi tun 30 ga Nuwamba, 2020. Duk ɓarakar tsaro da aka gano bayan wannan rana tana nan a buɗe, masu shi ba za su toshe ta ba.

Alamar farko ta fito ne da na nemi saukar da kayan aiki ta yum, ya ce bai ga rumbu ba. An kwashe komai an mayar vault.centos.org. Na sauke abin da muke buƙata sau ɗaya, na ajiye a kan uwar garke, sauran suka riƙa ɗiba daga wurinta. Sai kuma kwamfutata ta hannu ta ƙi shiga cikinsu ta SSH, domin daga OpenSSH 8.8 an rufe tsohon sa-hannun ssh-rsa, tsohuwar manhajar kuwa shi ta iya. Na buɗe shi don adireshin uwar garke kaɗai. Na sha ganin masu buɗe shi gaba ɗaya saboda gaggawa, kuskure ne.

Amma abin da ya cinye mini yini biyu ba ya cikin waɗannan. Na ba kowace na'ura adireshi tsayayye, na rubuta sunayensu iri ɗaya a fayil ɗin hosts, na raba musu ma'aji ɗaya ta NFS, na sa MPI don su riƙa raba lissafin. Komai daidai a ido. Sai aiki ya fara, can ya tsaya cak, ko a ce wani fayil an rubuta shi a ranar da ba ta zo ba tukuna. Na canja waya, na zargi suwic, har na soma zargin kaina. Ashe ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo, CR2032, ya mutu a cikin uku daga cikinsu. Da zarar an ɗauke wuta sai agogonsu ya koma shekarun baya, a nan kuwa ɗauke wuta ba labari ba ne. Na canja batiran, na sa uwar garke ta zama ita ke ba kowa lokaci ta NTP. Shi ke nan.

Ga wani tarkon kuma. NFS ba ta san sunanka ba, lambarka ta sani. CentOS 6 yana fara ba masu amfani lamba daga 500, CentOS 7 kuwa daga 1000. Idan ka cakuɗa su ba ka daidaita lambobin ba, mutum zai rubuta fayil a wannan na'ura, waccan ta ce ba nasa ba ne.

Da aiki ya kankama, shugaban ɗakin ya ce, "Injiniya, ka jona mana su da intanet mana, mu riƙa dubawa daga gida." Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kam a yi haƙuri." Na tuna masa cutar kwamfutar nan WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda ta bi ta tsohuwar hanyar raba fayil ta Windows ta gurgunta asibitoci a Ingila. Manhajar daban ce, amma ciwon ɗaya ne: na'urar da ba a yi wa faci ba, a bakin hanya. Abin da muka yi shi ne garken ya zauna a kan suwic ɗinsa shi kaɗai, aka sa wata kwamfuta mai sabuwar manhaja a tsakani, ta nan kawai ake shiga, da makulli ba da kalmar sirri ba.

Masu irin waɗannan na'urori a makarantu da ofisoshi, don Allah ku duba yau: wace manhaja ce a kansu, yaushe aka daina kula da ita, kuma wayar intanet tana jikinsu ko ba ta. In tana jiki, ku zare ta kafin ku kira mu.