Amsoshin Tambayoyinku: Karuwanci da Ganin Darajar Kai

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi tana tambaya: shin karuwanci yana sa mace ta daina ganin darajar kanta?

To Malama, sau da yawa haka ne, amma babban abin da ke karya zuciyar shi ne ƙyamar jama'a. Wadda kullum ake nuna ta da baki a kasuwa, mai gidan haya ya kore ta, ma'aikaciyar asibiti ta yi mata kallon banza, a hankali sai ta yarda ita ba kowa ba ce. Abin ya fi muni ga wadda talauci ko masu safarar mutane suka jefa ta ciki, ko take shan duka.

A birnin Kolkata na Indiya, inda mata masu karuwanci na unguwar Sonagachi suka kafa ƙungiyar Durbar a 1995, masu bincike sun ba wasu mata masu karuwanci horon makonni 8 kan mutunta kai. Bayan haka an ga sun fi yin ajiyar kuɗi da zuwa duba lafiyarsu.

Saboda haka mai son mace ta bar wannan hanya ya fara da mutunta ta, sannan ya nema mata jari ko sana'a.