Darasi: Gubar da ido ba ya gani, daga ciyawa zuwa ƙwaryar nono



Makiyayi ya san abin da ke cutar da dabbarsa. Ya san ɗanyen gyauron dawa na iya kashe saniya. Amma akwai wata guba da ba ta da wari, ba ta da ɗaci, ido kuma ba ya ganin ta. Ita ce gubar bam ɗin nukiliya. Ya kamata mu san ta, domin ƴan uwanmu da yawa na zuwa ci-rani Tamanrasset, a ƙasar Aljeriya, ba nesa da inda aka gwada irin wannan bam ba.

Abin da ya faru

Ranar 13 ga Fabrairu 1960, wajen wata shida kafin Nijar ta sami ƴancin kai, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da garin Reggan, cikin hamadar Aljeriya. Ƙarfinsa ya kai wajen ninki 4 na wanda Amurka ta jefa wa birnin Hiroshima a 1945. Iska ta kwashi ƙurarsa har Cadi da Mali. A Janairu 1961 Najeriya ta kori jakadan Faransa saboda gwaje-gwajen bam da Faransa ta ci gaba da yi a hamadar.

Bam 4 aka tayar a fili a Reggan. Daga 1961 zuwa 1966 aka tayar da wasu 13 a cikin dutsen In Ekker, arewa da Tamanrasset. Ranar 1 ga Mayu 1962 ramin dutsen ya ɓalle. Hayaƙi da narkakken dutse suka fito waje. Wannan yanki kuwa wurin kiwon raƙuma da awakin Abzinawa ne.

Yadda gubar ke shiga dabba

Ƙurar bam takan sauka bisa ciyawa da ƙasa da ruwa. Akuya ta ci ciyawa, ta haɗa da ƙasa. Gubar ta shiga jininta, ta wuce cikin nono da nama da ƙashi. A tatso nonon, a dama fura, a ba yaro. Shi ke nan, guba ta shigo gida.

Dabbar na iya kasancewa da ƙiba da kuzari, ba alamar ciwo. Tafasa nono ba ya kashe wannan guba. Gashin nama ma ba ya kashe ta. Na'urar awo kaɗai ke gano ta. Wanda ya daɗe yana ci yana iya kamuwa da ciwon daji bayan shekaru.

Gubar iri-iri ce. Ga uku daga ciki:

Ayodin na bin nono, ya taru a maƙogwaron yaro. Duk kwana 8 rabinsa ke gushewa, don haka na wancan lokaci ya ƙare tuni.

Seziyom na zama cikin nama. Sai bayan shekara 30 rabinsa ke gushewa. Mu yi lissafi: bayan shekara 60, kashi ɗaya cikin huɗu na nan.

Fulutoniyom na kwance cikin rairayi. Shi sai ya yi shekara 24,000 kafin rabinsa ya gushe.

A 1999 hukumar nukiliya ta duniya ta aika masana suka auna wuraren. Suka tarar a yawancin fili gubar kaɗan ce. Amma daidai inda bam ya tashi, da wurin baƙin narkakken dutsen In Ekker, akwai saura da yawa. Suka ba da shawara a hana mutane shiga.

Mu fa a Kurni?

Hankalinmu ya kwanta. Tsakaninmu da In Ekker ya fi kilomita 1,000. Ƙurar hunturu da ke rufe mu kuma, yawancinta daga ƙasar Cadi take zuwa. Idan tunkiyarka ta yi ciwo, kada ka ce bam ne. Kai ta wurin likitan dabbobi.

Amma wanda zai tafi arewa, ya riƙe abu uku:

1. Idan an ɗauke ka kiwo, kada ka shigar da dabba inda aka yi shingen waya, ko da shingen ya faɗi.
2. Kada ka tsinci ƙarfe ko waya ko baƙin dutse a wurin. Kada ka kai wa maƙeri, kada ka yi rumfa ko kwamin ban ruwa da su.
3. Kafin ka sha ruwa ko nono a jejin da ba ka sani ba, tambayi mutanen wurin.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka tayar da bam na farko a Reggan?
2. Bam nawa aka tayar gaba ɗaya?
3. Ta wace hanya gubar ke zuwa cikin ƙwaryar nono?
4. Me za ka faɗa wa ɗan uwanka mai shirin tafiya Tamanrasset?