TAKUNKUMI DA TAZARA A LOKACIN ANNOBA: HAƘƘIN ƊAN'UWANKA NE A KANKA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa, tambayoyi sun yi mini yawa a kan sanya takunkumin baki da hanci da barin tazara a cikin jama'a, musamman lokacin da korona ta dawo zagaye na biyu a cikin hunturun ƙarshen 2020. Wani ya ce rashin tawakkali ne. Wani ya ce ai cutar manya ce, ta masu hawa jirgi. Wani kuma ya ce shi ƙalau yake jin jikinsa, me zai sa ya rufe fuska? To, bari mu ɗauki abin a matsayin darasi, mu bi shi ɗaya bayan ɗaya.

1. ABIN DA YA TABBATA GAME DA CUTAR

An fara samun mai ɗauke da ita a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas, a Nijar kuma a watan Maris. A watan Afrilu mutanen Kano sun ga yadda aka riƙa kai gawarwaki maƙabartu, mafi yawansu dattawa, har da malamai da manyan gari. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Allah ya jiƙansu da rahama. Waɗannan iyayenmu ne, da yawansu ba su taɓa taka jirgi ba.

Likitoci sun yi bayanin cewa ƙwayar cutar tana fita ne ta tari da atishawa da magana da numfashi, ta shiga ta hanci ko baki ko ido. Tana iya kaiwa kwana 14 a jiki kafin alama ta bayyana, kuma mutum yana iya yaɗa ta tun bai san yana da ita ba. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne tushen darasin. Saurayi mai ƙarfi zai iya ɗauko ta a kasuwa, ko ciwon kai bai yi ba, ya kai wa mahaifinsa mai ciwon suga ko mahaifiyarsa mai hawan jini. Saboda haka "ni ƙalau nake" ba hujja ba ce.

2. YADDA MAGABATA SUKA YI

A zamanin Sayyidina Umar (RA), wajen shekara ta 18 bayan hijira, an yi annobar Amwas a ƙasar Sham. Umar ya kama hanya har ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai shugabannin runduna suka tare shi da labarin. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke a juya. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi. Umar ya nuna masa cewa daga ƙaddarar Allah ake tafiya zuwa ƙaddarar Allah. Ya ba shi misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya busasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Sai Abdurrahman ɗan Auf (RA) ya iso ya sanar da su cewa Annabi (SAW) ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana wanda yake ciki fita don gudu. Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan.

Annobar nan ta ci Abu Ubaida, ta ci Mu'azu ɗan Jabal da dubban Musulmi. Malaman tarihi irin su Ɗabari sun kawo cewa da Amru ɗan Asi (RA) ya karɓi jagoranci, ya kwatanta cutar da wuta mai ci, ya umarci mutane su watsu cikin duwatsu, daga nan Allah ya ɗauke ta. To, me ake kiran wannan in ba tazara ba?

A Sahihu Muslim kuma, cikin tawagar Saƙifa akwai wani mai kuturta. Annabi (SAW) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. An karɓa ba tare da haɗa hannu ba. Shi kuwa hadisin da ya kore ɗaukar cuta, malamai sun ce ma'anarsa cuta ba ta da ikon tsallakawa da kanta sai da izinin Allah, domin shi Annabin da ya faɗe shi, shi ne ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya a mashaya.

3. TAKUNKUMI

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa idan Annabi (SAW) zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufafinsa, ya sassauta murya. Ashe tare abin da ke fitowa daga baki da hanci, don kada ya sami na kusa, ladabi ne da muka gada. Babban aikin takunkumi ke nan, kuma kai ma yana rage maka abin da za ka shaƙa.

Amma fa sai an sa shi daidai. Ya rufe hanci da baki har haɓa. Wanda ya rataye shi a gemu bai sa komai ba. Wanda kuma yake sauke shi idan zai yi magana, ya cire shi ne a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. In za ka cire, kama igiyar kunne, kada ka riƙa taɓa gabansa. Na yadi a wanke shi da sabulu kullum a shanya a rana, na asibiti kuma in ya jiƙe ko ya yi datti a jefar. Ba a aronsa, ko tsakanin miji da mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar na yadi ya zama ninki uku, kuma telan unguwa zai ɗinka maka shi da kuɗi kaɗan. 'Yan'uwa mata, niƙabi shara-shara mai falle ɗaya ba ya tsayawa a madadinsa. Yara 'yan shekara 5 zuwa ƙasa ba a tilasta musu.

Ana tambaya: ya halatta a yi salla da shi? Asali rufe baki a cikin salla makaruhi ne, akwai hani a kai. Sai dai ƙa'ida ce a wajen malamai cewa buƙata tana kawar da karhanci. Sallarka ta yi, in sha Allahu.

4. TAZARA

A lokacin annobar korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mita 1, hukumar NCDC ta ce mita 2, wato kamar kai da shi ku miƙa hannuwa ba su haɗu ba. Wurin da ya fi haɗari shi ne rufaffen ɗaki, cike da mutane, an daɗe a ciki. A lokacin sanyi kuma, kowa yakan kulle taga.

A masallaci: haɗa sahu sunna ce mai girma, amma a wajen jumhurun malamai ba sharaɗin ingancin salla ba ne. Kowa ya ga yadda aka yi salla da tazara a Makka da Madina, ya ga Hajjin 2020 da aka taƙaita ga mutane kaɗan mazauna Saudiyya, suna ɗawafi da takunkumi, kowa a kan layinsa. Ka yi alwala a gida, ka zo da dardumarka. 'Yan kwamiti su buɗe tagogi, liman ya taƙaita huɗuba. Mai zazzaɓi ko tari, ko wanda ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ya yi salla a gida ya nemi gwaji, yana da uzuri. Idan an ce wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci saboda wari kawai, ina ga wanda zai kawo cuta?

Musafaha: na san tana da wuyar bari, mutum ya miƙo hannu ka ƙi karɓa, sai ka ji nauyi. Yi sallama da fara'a, ɗora hannu a ƙirji, ya wadatar. Wanda aka ƙi ba wa hannu kuma kada ya ɗauka raini ne.

A kasuwa, a layin banki, a cikin Adaidaita Sahu da motar haya, tazara takan gagara. A nan ne takunkumi ya fi zama dole. Gama abin da ya kai ka, ka fice. In ka dawo gida, wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ka shiga gaida tsofaffi. Ɗaurin aure, suna da zaman makoki a rage taro, a yi a fili, a yi addu'a a tashi.

5. TO, INA TAWAKKALI?

Tawakkali aikin zuciya ne, riƙo da sababi aikin gaɓɓai ne, kuma tare suke tafiya. Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Shi da kansa ya sa sulke ranar Uhudu, ya ɓuya a kogon Saur ranar hijira, alhali babu wanda ya kai shi dogaro ga Allah. Kai da kake kulle shagonka da kwaɗo biyu da dare, don me sai a kan lafiyar mutane za ka tuna da tawakkali?

A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo cewa Umar (RA) ya ga wata mata mai kuturta tana ɗawafi, ya nemi ta zauna a gidanta don kada ta cutar da mutane. Ta zauna. Bayan ya rasu wani ya ce mata ta fito, wanda ya hana ta ya mutu. Ta nuna masa ba za ta yi masa biyayya yana raye ba sannan ta saɓa masa bayan ransa. Dubi wannan baiwar Allah. Ɗawafi ta bari, saboda haƙƙin jama'a. Mu ɗan ƙyalle aka ce mu sa a fuska.

Don haka ka gyara niyya lokacin da kake ɗaura shi: kare Musulmi da sauran bayin Allah daga cutarwarka. Da wannan niyya sai ya zama ibada. Ka riƙe azkar na safe da yamma, ka yawaita istigfari da sadaka, ka duba maƙwabcin da annobar ta tsayar wa sana'a. Kada kuma a ƙyamaci wanda ya kamu, jarrabawa ce, a taimaka masa da abinci da addu'a.

Allah ya yaye mana wannan annoba, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wallahu a'alam.