Gyaran Bakin Hoto a Kwamfuta

Ɗalibin da zai cike fom ɗin shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure yana bukatar hoton fasfo. Masu biki a Roni ko Gwiwa suna son kalandar ango da amarya. Sau da yawa mai hoto yakan yanko mutum daga hoton da aka ɗauka, ya ɗora shi a kan wani bango. A bakin yankan nan ake gane gwani.

Hoton kwamfuta tarin ɗigo ne masu kusurwa huɗu. Sunan kowane ɗigo fiksel. Shi ya sa layin da ya lanƙwasa, irin na kafaɗa ko gefen hula, yakan fito da kaushi kamar haƙoran zarto.

Manhajar Photoshop, wadda ta fito a 1990, tana da magani iri biyu. Na farko wani ɗan akwati ne da aka rubuta wa Anti-alias. Idan ka danna shi, kwamfuta za ta sirka launin ɗigon da ke bakin yanka da launin bango, sai kaushin ya kwanta. Ka danna shi kafin ka fara zagaye mutumin, domin bayan ka gama ba zai yi maka aiki ba.

Na biyu shi ne Feather. Wannan, lamba ake rubuta masa, shi kuma ya dusashe bakin gwargwadon lambar. A nan mutane da yawa suke ɓata aiki. Hoton fasfo mai faɗin milimita 35 da tsawon 45, idan za a buga shi da fiksel 300 a kowane inci, faɗinsa fiksel 413 ne kawai. Idan ka rubuta 10, kunne zai narke, gefen hijabi ya yi hazo, kowa ya gane yanke ne. Rubuta 1, ko ma rabi. Babban hoton fasta yana iya ɗaukar 2 ko 3. A ganina gara a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa.

Kada ka yarda da idonka daga nesa. Zuƙo hoton sosai, ka bi gefen gemu, da bakin ɗankwali, da jelar rawani. Sannan ka sa baƙin bango a bayansa na ɗan lokaci. Idan ka ga wani farin zare ya kewaye mutumin, ragowar tsohon bango ne. Matse zagayen ciki da fiksel 1 ta wurin da aka rubuta Contract, sannan ka sake yankowa.

Wanda ba shi da Photoshop zai sami Anti-alias da Feather a manhajar GIMP, kuma kyauta ake sauke ta. Ajiye ainihin hoton daban, ka yi gwajinka a kan kwafi.