Koci Mai Zaman Kansa da Haƙƙin 'Ya'yansa

Wani bawan Allah daga cikin Hausawan Jidda, haifaffen unguwar Sa'alaba, ya aiko da tambaya cewa shi koci ne mai zaman kansa, yana koya wa yara ƙwallon ƙafa a filayen haya, kuma sana'ar ta karɓe shi, sai dai ta raba shi da 'ya'yansa har uwargida ta fara ƙorafi. Ina mafita?

Ya kai ɗan'uwa, ka sani asalin wannan illa shi ne saɓanin lokaci. Makarantun Saudiyya da sassafe suke buɗewa, su tashi wajen azahar, zafin Jidda da guminta kuwa ba sa barin kowa ya taka leda sai la'asar ta yi sanyi. Saboda haka sa'o'in da 'ya'yan mutane suke hannunka, daga la'asar zuwa bayan lisha, su ne ainihin sa'o'in da naka suke gida suna dakon ubansu. A da, lokacin da dangi suke zaune ƙofa da ƙofa, kaka da gwaggo da maƙwabci suna rufe wannan giɓi, amma rusau ɗin da aka yi wa tsofaffin unguwannin kudancin birnin a 2021 da 2022 ya warwatsa zuri'a da yawa, nauyin ya koma kan uwa ita kaɗai. Kada kuma ka sa ran masu nema za su ragu, domin garin da ya haifi ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ittihad a 1927 da Ahli a 1937, a ƙasar da Usama Hausawi ya riƙe kyaftin ɗinta a gasar cin kofin duniya ta 2018, ba zai rasa iyaye masu burin ɗansu ya shahara ba. Kai ne za ka yanka wa aikin haddi.

Da farko, ka gyara ƙulla yarjejeniya. Malaman fiƙihu sun shardanta a babin ijara cewa lada ya zama sananne, aiki ko muddarsa su ma sanannu, don a tsira daga garari. To, ka karɓi kuɗin wata a farkonsa, ka rubuta ranaku da sa'o'i, ka kuma bayyana cewa wanda ya yi fashi ba da sanarwa ba, ba shi da ramuwa, domin ramuwar nan ce take cinye daren da ka ware wa iyali.

Na biyu, ka fifita horar da rukuni a kan horar da ɗaiɗaiku, saboda yara goma a sa'a guda, ko da kowanne ya biya kaɗan, sun fi maka yaro ɗaya mai biyan da yawa, kuma suna ba ka damar rufe fili da wuri.

Na uku, ka keɓe wa 'ya'yanka lokutan da kasuwa ba ta nema. Ka tashe su sallar asuba da kanka, ka saurari haddarsu, ka kai su makaranta, ka ɗauko su, ku ci abincin rana a faranti ɗaya wayarka tana kashe. Tun da hutun mako Juma'a ne da Asabar, ka bar wa aiki Asabar, Juma'a kuwa ta zama ta gida, ko nawa aka taya. Da azumi, da yake horo yana komawa bayan tarawihi, ka tsare buɗa baki a gida.

Na huɗu, ka tabbatar da halaccin aikin a hukumance, domin takardar izinin aikin kai ta 'yan ƙasa ce, baƙo mai iƙama kuwa doka ba ta ba shi damar yin aiki don kansa ba, sai dai a ƙarƙashin wata makarantar horo mai lasisi; uban da aka kama ko aka ci shi tara, 'ya'yansa ne suke fara ɗanɗana kuɗarta.

Daga ƙarshe, nafaƙa wajibi ce, tarbiyya ma wajibi ce, kuma sauke ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Ka zauna da maiɗakinka ku lissafa abin da gida yake buƙata a wata, ku san yara nawa ne kuɗinsu zai biya shi, sannan duk wanda ya zo bayan adadin ya cika, ka ba shi haƙuri ka tura shi wurin wani koci. Allah ya sa albarka a nema, ya shirya zuri'a.