Yadda ake zaɓen babur a Birnin Kudu da Gwaram

A majalisun masu babur, daga bakin tashar Birnin Kudu har kwanar Babaldu, akwai musun da ba ya ƙarewa. Mai Boxer ya ce nasa ne jakin aiki, mai Haojue ya ce su ne manya, mai TVS ya ce mai ya fi daɗe masa a tanki, dattijo a gefe ya tuna musu da Honda ta zamaninsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma mai shirin zuba kuɗinsa bai kamata ya yanke shawara a wannan zama ba. Sunan da ke jikin tanki shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa. Kafin shi akwai hanya, akwai bakanike, akwai mai, akwai sabo ko na hannu, akwai takarda, kuma a jere suke.

Fara da gaya wa kanka gaskiyar aikin da babur ɗin zai yi. Malamin makaranta ko ma'aikacin Asibitin Tarayya da ke zirga-zirga cikin garin Birnin Kudu a kan kwalta, roba-roba ta ishe shi. Ba ta da kulocin hannu, ba ta da nauyi, shan manta kaɗan ne, ga robar gaban ƙafa tana kare riga daga taɓo. Honda ce ta fito da wannan siffa a 1958 da sunan Super Cub, kamfanonin Sin irin su Jincheng suka kwaikwaya. Amma wanda zai riƙa ɗauko buhun masara ko riɗi zuwa kasuwar Sara, ko ya bi hanyoyin ƙauyukan da ke bayan Fagam da Farin Dutse, inda rani yashi ne damina kuma taɓo da zaizaya, shi babur mai tsayi yake bukata, wanda cikinsa ba ya gogar ƙasa, mai doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya da kariya mai ƙarfi da shokazoba masu tauri. Ɗora wa roba-roba buhu biyu a irin wannan hanya zalunci ne, kuma aljihunka ne zai biya diyya.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa: ka je rumfar bakanike kafin ka je wurin dila. Ba bakaniken Kano ba, na garinku, wanda za ka turo masa babur ranar da ya mutu maka. Tambaye shi wane iri ne yake kwance injinsa ya mayar ba tare da ya tsaya tunani ba. Daga nan ka shiga shagon kayan gyara ka tambayi kuɗin abubuwan da kowane babur ke ci: sarƙa da haƙoranta, ringi da fistin, fulogi, wayar kuloci, shu na birki. Ka lura da wanda mai shago ya miƙo maka nan take, da wanda ya ce sai an aika Kano. Tsakanin Birnin Kudu da Kano ya haura kilomita 100, daga Gwaram kuwa ya fi haka, saboda haka “sai an aika” na nufin kwana biyu ko uku babur na jingine, ɗan acaɓa kuma bai shigar da ko sisi ba. A nan ne son iri ɗaya yake da amfani, amma son na gari ne gaba ɗaya, ba na mutum ɗaya ba. Idan jama'ar yanki suka karkata ga iri guda, kayansa sukan yawaita, yaran gareji su koyi aikinsa, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba ka rasa mai saye. Abin da ya ɗaga Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya a ƙauyukan Arewa ke nan, ba don babu wanda ya fi ta kyau ba.

Wani zai ce ai sayen nagari mayar da kuɗi gida, gara ya ƙara kuɗi ya sayi wanda ba ya yawan lalacewa ko da kayansa na wuya. Maganar tana da ƙarfi, kuma ga mai hawa kaɗan a cikin gari tana iya zama daidai. Sai dai babu babur ɗin da ƙurar hunturu da gurɓataccen man bumburutu ba sa taɓawa. Sarƙa za ta saki, kafireta za ta toshe, ko wane suna ne a jiki. Nagarta a wannan yanki ta haɗa da saurin tashi bayan an kwanta. Wani kuma zai ce irin da ya yi yawa shi ɓarayi suka fi so, kuma shi aka fi yi wa kayan jabu. Duka biyun gaskiya ne. Maganin na farko kwaɗo mai kyau da kwana cikin gida, na biyu kuma riƙe shago ɗaya da zai karɓi kayansa idan suka ba da matsala. Ba su kai dalilin sayen babur ɗin da babu mai iya gyara shi ba.

Na uku, lissafin mai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ma ta taɓa 1,000. Kada ka yarda da “ba ya shan mai” a baki. Nemi mai irin wanda kake so, ku cika tanki, ku rubuta abin da mita ta nuna, a yi tafiyar yini, a sake cikawa, sai a raba kilomita da lita. Tsofaffin injuna masu ƙona baƙin mai tare da fetur, masu shuɗin hayaƙi, suna da fizga da daɗin ƙara, amma yanzu ba na mai neman abinci ba ne.

Na huɗu, sabo ko na hannu. Idan sabo ne daga kwali, tsaya a kan mai haɗawa har ya gama, domin noti ɗaya da aka bari a sake yana iya kayar da mutum. Na hannu kuwa shi ke bukatar ido. Je da sassafe, ka ɗora tafin hannu a kan inji. Idan da ɗumi, an tashe shi kafin ka zo, ka dawo gobe. Inji mai lafiya yana tashi da bugu ɗaya ko biyu ko da a sanyi. Tsaya bayan salansa a murɗa totur: shuɗin hayaƙi alamar ringi ya tafi, baƙi kuma mai ne yake sha fiye da kima. Zaro ma'aunin baƙin mai ka murza tsakanin yatsu, idan ka ji gari-gari inji na cin kansa. Ɗaga tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe, ka leƙa ƙarƙashin tanki da kujera ko akwai walda a jikin ƙarfen. Mita ba shaida ba ce, don ana cire mata waya. Dubi robar matakin ƙafa da lotsewar kujera, su ba sa ƙarya. Babur ɗin da ya yi shekara biyu yana acaɓa ya girmi na malamin makaranta mai shekara biyar, ko da an yi masa sabon fenti.

Na biyar, takarda, kuma a nan babu kunya ko da ɗan'uwa ne mai sayarwa. Karanta lambar inji da ta jikin ƙarfe da idonka, ka gwada su da rasit harafi da harafi. Idan ka ga alamar an goge ko an sake bugawa, tashi ka bar cinikin komai araharsa, don wanda aka kama babur ɗin sata a hannunsa shi ke kwana a caji ofis. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, dillali ya sa hannu kafin ya karɓi la'ada. Sannan ka yanki lamba da inshora, ka nemi lasisi mai ajin A, wanda shi ne na babur. Hular kwano kuwa tun 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta, kuma duk wanda ya san gudun manyan motoci a titin da ya ratsa Birnin Kudu ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kanta.

Watan farko a bi sabon inji a hankali: ban da gudu, ban da lodi mai nauyi. Juye baƙin mai na farko wajen kilomita 500, ko yadda littafin da ya zo da babur ya ce, ka riƙa wanke matatar iska akai-akai lokacin ƙura, sarƙa kuma a bar mata sassauci kamar faɗin yatsu biyu. Idan kuɗin hannunka bai kai ya sayi babur da lamba da hular kwano a tare ba, ƙara wata ɗaya ko biyu kana tari kafin ka je kasuwa.